Na Dubi Tsoho Cikin Ido

Tunis ce ta fara koya mini cewa mutum zai iya yi maka murmushi kullum safiya alhali ƙarfinka yake ci. Na sauka a garin da jaka ɗaya, da kakakin fanfar a cikin akwatinsa, da wani buri wanda ko a Yamai ba kowa nake gaya wa ba, balle a garinmu Filinge. So nake in zama mai riƙe sanda a gaban orkestira.

Sai na yi bayani, ko da yake na sha yinsa har bakina ya gaji. Orkestira taron makaɗa ne masu yawa, kowa da abin kiɗansa da takardar da aka rubuta masa abin da zai kaɗa. Akwai masu goge ƙanana da manya, akwai masu busa, akwai masu ganga can baya. A gabansu mutum ɗaya ke tsayawa da 'yar siririyar sanda da ba ta fi tsinken tsire ba. Shi ba ya busa komai, ba ya kaɗa komai, amma shi ke cewa a tashi, a sassauta, a yi shiru, wane ya shigo yanzu. Makaɗan suna ce masa mayestiro. Ina lise, wato sakandare, a Yamai, ina busa a fanfar, ƙungiyar mabusan unguwa, wasu baƙi suka zo suka yi wasa na ga irin wannan mutumin. Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya hankalina kwance ba.

Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. A ƙasarmu ta Kurfai kowa ya san gidajen makaɗa, mu kuwa hatsi muke nomawa tun kakanni. Baba bai hana ni tafiya ba, bai kuma ce ya ji daɗi ba. Yayana Idi shi ne mai faɗin abin da ke ran gida, kuma a waya yake faɗi.

"To kai Haruna, cikinsu mi kaka kiɗi?"

"Ba ni kiɗin komi, Yaya. Ni ka gwada musu."

"Su ba su iya ba na?"

"Sun iya, sun ma hi ni."

Ya ce, "To Allah shi kyauta."

Wanda ya kawo ni Tunis wani ne da ake kira Si Munsif, mai wata 'yar orkestira da makarantar kiɗa ta kansa. Yana cikin baƙin nan na Yamai, ya ga na dame su da tambayoyi, ya dafa kafaɗata ya ce in zo zai mai da ni mutum. Da na zo ya rungume ni, ya kira ni ɗansa, ya nuna mini ɗakin ajiyar kujeru ya ce daga nan zan fara. Mayestiro na gaskiya, in ji shi, sai ya san nauyin kujerar kowane makaɗi. Wallahi har maganar ta yi mini daɗi. Na jera kujeru, na kwashe kujeru, na goge dandamali, na sayo masa kofi. In na tambayi darasi sai ya ce bayan azumi. Azumi ya wuce, ya ce bayan zafi. Zafi ya wuce, ya ce hannuna bai nuna ba tukuna. Sandarsa ni nake ɗaukar masa ita a cikin 'yar akwatinta, amma ko sau ɗaya bai ce in ɗaga ta ba.

Na kasa zama. Da an tashi daga bita sai in kama tafiya a ƙasa, daga tsohuwar kasuwa har bakin ruwa, ina kaɗa hannu a iska ina bin kiɗan da ke cikin kaina. 'Yan tasi suna tsayawa suna zaton su nake kira, in sun gane su zage ni da Larabci su wuce.

Abin ya zo ƙarshe ranar da wani baƙo daga Turai ya tambayi Si Munsif ko ni ɗalibinsa ne. Ina tsaye da kujera a kowane hannu. Ya yi dariya ya ce a'a, wannan mai ɗaukar kujerunmu ne, amma akwai hankali. Na ajiye kujerun nan a inda nake tsaye, a tsakiyar hanya, na fita. Raina ya ɓaci, kuma kunya ta fi fushin yawa, don na riga na gaya wa gida karatu nake yi.

Wata mai goge a orkestirar, Madam Salwa, ta biyo ni waje. Ta ce tana koyar da yara 'yan makaranta ran Asabar, in zo in tsaya a gabansu, ita za ta ɗauke ni da wayarta mu aika ƙasashen da ke ba da bursu, wato tallafin karatu. Na ce ba ni da sanda. Ta buɗe jakarta ta zaro allurar saƙa ta miƙa mini. Ran Asabar na sa yaran nan a gaba, na dubi kowa cikin ido, na nuna wannan, na harari wancan, kiɗa ya tashi tsaf. Wannan bidiyon ne ya kai ni Romaniya.

A Bukares, babban birnin ƙasar, wani ɗan tasi ya zagaya da ni gari har na ga mutum-mutumi guda sau biyu, sannan ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa da ke bayan inda ya ɗauke ni. Ban yi masa gardama ba, sanyi ya riga ya kulle mini baki. Jirgi ya kai ni wani gari a arewa, cikin tsaunuka, inda makarantar take. Ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ana ce mata Tanti Marika. Da farko ta riƙa bina da kallo duk inda na gifta, tana matsar da jakarta kusa da ita. Ba ta jin Faransanci, ni ba na jin yarenta, da hannu muke magana.

Wata rana na dawo a daskare, ta nuna mini kujera ta ajiye mini kwano. Na duba na ga tuwon masara ne sak, sai dai maimakon miya cuku da kindirmo aka zuba masa. Na kai loma ɗaya, hawaye suka zubo mini ba shiri. Ta zaci zafi ne ya ƙona ni, ta ɗauke kwanon tana hura shi tana yi mini faɗa. Daga baya da ta gane ba na cin alade ta sayo wata tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce wannan tawa ce, ba mai taɓa ta.

Kewar gida kuwa ba ta da lokacin zuwa, amma ta fi tsanani da damina. Idi ya kan aiko mini da saƙon murya, ba magana a ciki, sai ƙarar ruwa a kan kwanon ɗakin Inna. In na saurara sai in ji ƙamshin ƙasar kwarinmu na Dallol a hancina, in tuna ran kasuwa da shanun da ake korowa daga wajen Abala da Sanam, da matan da ke zaune da ƙwaryar fura a bakin hanya. Sai ɗakin ya yi mini kaɗan, in sa riga uku in fita in yi ta yawo a gari ba inda za ni.

Malamarmu a makaranta ita ce Madam Rodika, gajeruwa, mai shan taba kamar ta ci babu, ba ta yabon kowa. Amma ta ce kunnena yana da kyau, kuma ma'aunin kiɗa a jikina yake, ba a takarda ba. Da orkestirar ɗalibai muke koyo, duk sa'o'ina ne ko ƙannena. A gabansu ni zaki ne. In mai ganga ya yi sauri, kallo ɗaya nake masa ya dawo hanya. Na fara jin kaina, na sayi sanda tawa ta kaina, har na aika wa Idi hotonta. Ya ce in ta karye in gaya masa, akwai karan dawa a gida da yawa.

A shekarar ƙarshe aka sanar da mu cewa jarrabawar fita ba da ɗalibai za a yi ba, da babbar orkestirar gari za a yi, kuma a cikinmu za su ɗauki mutum ɗaya mataimakin mayestiro. 'Yan ajinmu 'yan ƙasa ne, in ba su samu ba za su koma gidajensu su jira wata dama. Ni takardar zamana da bursu tare suke tafiya, ranar da ɗaya ta ƙare ɗayar ma ta ƙare. In ban samu wannan aiki ba jirgi zan hau in koma Filinge, in durƙusa a gaban Baba in ce masa duk shekarun nan da na bar Idi da gona shi kaɗai, ba abin da na zo da shi.

Ranar bita ta farko na hau ɗan akwatin da mayestiro ke tsayawa a kai, na ɗaga kai, sai na ga furfura. Daga layin gaba har baya kawuna farare ne, maza sa'o'in Baba, mata sa'o'in Inna. Na yi ta maza na ɗaga sanda. Da farko abin ya tafi daidai, don wurin da kowa ke kaɗawa tare ne. Sannan muka iso wani wuri a cikin kiɗan inda duka orkestira take yin shiru, sai ƙaho guda ya shigo shi kaɗai. Ƙahon nasu na tagulla ne, a naɗe kamar gammo. Mai busa shi wani tsoho ne dogo da ake kira Domnu Iliye, domnu kuwa kamar malam ne a wurinsu.

Shiru ya zo, ƙaho bai shigo ba sai a makare. Na tsayar, na ce a sake. Wannan karon ya shigo, amma muryar ta fashe kamar ta zakaran da mura ta kama. Na ce a sake. A na uku tsohon ya sauke ƙahon a gwiwarsa, ya ɗaga murya da Faransanci yadda kowa zai ji.

"Mayestiro, ni zan busa ko takalminka? Tun ɗazu shi kake kallo."

Aka fashe da dariya. Ban gane abin da yake nufi ba, abin da na gane kawai shi ne an yi mini dariya a gaban mutane. Na cika fam. Na ce a raina tsohon nan baƙar fatata ce ba ya so, kuma na sha ganin irinsa. Na ƙarasa bitar da ƙyar, na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Washegari Madam Rodika ta kira ni ofishinta, ta kunna bidiyon bitar ta juyo mini da shi.

"Dubi nan," in ji ta. Ga ni ina ba wata matashiya mai sarewa alamar shigowa, idona a kanta, hannuna na hagu a miƙe. "Yanzu dubi nan." Ga ni na juya wajen Domnu Iliye. Sai na ga kaina ya sunkuya kamar yaron da ake yi wa faɗa, hannuna na hagu ya koma baya ya ɓuya, sandar ma ta kauce tana nuna bango. Ta mayar da bidiyon baya ta sake nuna mini, ta nuna mini wani wurin da na juya wajen wata tsohuwa mai babban goge. Duk haka nake yi. Wallahi ban taɓa sanin ina yi ba.

Na zauna na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce a wurinmu yaro ba ya tsura wa babba ido, in ya yi an ce ba shi da kunya, kuma zagin ba shi kaɗai yake samu ba, har uwarsa. Hannun hagu ba a miƙa wa babba komai da shi, balle a nuna shi. Sanda kuwa saniya ake nunawa da ita. Ba wanda ya zaunar da ni ya karanta mini wannan, da ranƙwashi aka sa mini shi a jiki tun ban iya sa wando ba.

Ta saurare ni har na gama, ta murƙushe tabarta.

"Abin yana da kyau," ta ce, "amma ba zai ci jarrabawa ba. Mai ƙaho ba ya iya shigowa sai ya ga idonka da hannunka na hagu, sandar dama ma'auni kawai take riƙewa. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Shugabannin orkestira suna neman dalilin da za su sallami Iliye, sun ce ya tsufa. Duk muryar da ta fashe a bakinsa shi ake ɗora wa. Ladabinka zai raba shi da kujerarsa, kai ma ya raba ka da taka."

Na ce ta koya mini yadda zan yi. Ta ce ita hannu take koyarwa, wannan kuwa a wuyana yake, ni zan san yadda zan yi da shi.

Na shiga gwaji kamar mahaukaci. A cikin motar haya in zaɓi wani tsoho in ce yau sai na dube shi har ya sauka. Da ya juyo muka haɗa ido sai in ga kaina ina karanta tallar da ke manne a taga. Wata tsohuwa ta ga ina satar kallonta ta rungume jakarta ta canza kujera. A gida na yi wa Tanti Marika bayani da guntun yaren da na koya, ta ji daɗin abin ƙwarai. Kullum kafin a ci abinci sai ta kafa gwiwar hannu a tebur, ta zaro mini ido, ta ce ba cokali sai na jure. Miya ta yi ta hucewa, ni ina zufa, ita tana dariya har da tari. Na ƙirƙiro dabara, na ce zan riƙa kallon goshi, ai daga nesa ba a ganewa. A bita ta gaba Domnu Iliye ya busa, muryar ta sake rawa, ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, "Yau kuma goshina ake yi wa kiɗa."

Abinci ya fita raina, zama ya gagare ni. Na zagaye garin nan a ƙasa har karnukan unguwanni suka san ni. Wata rana na kira Idi da niyyar in gaya masa komai, ban san ta inda zan fara ba.

"Baba shina nan kusa," in ji Idi. "Ka gaishe shi."

Na ji muryar Baba, na samu kaina na sunkuya a bakin titi da waya a kunne.

"Haruna, kuna lahiya? Ina sanyi? Karatu shina tahiya daidai?"

"Shina tahiya, Baba."

"To madalla. A yi ta hanƙuri, a riƙe mutunci. Kada ka mance ɗan wa kake."

Na ce to. Me zan ce masa, in ce Baba ka ba ni izini in yi rashin kunya?

Saura kwanaki kaɗan jarrabawa na nemi gidan Domnu Iliye. Ran Lahadi ce da yamma, na same shi a ɗan lambun bayan gida yana ɗaure tumatir a jikin kara. Na cire takalmi a bakin ƙofar lambun, cikin taɓo, na durƙusa nesa da shi kaɗan.

Ya juyo ya ce, "Wani abu ka yar?"

Na ce a'a, gaishe shi na zo yi, haka muke gai da manya. Daga durƙuson na gaya masa abin da na gaya wa Madam Rodika, idona a kan ƙasa. Na ce ban taɓa raina shi ba, girmansa ne ya hana ni dubansa. Sannan ya jawo wani bokiti ya kife shi ya zauna a kai, har muka zama tsawo ɗaya.

"Ni na zaci ka bi bayan shugabanni ne," ya ce. "Na zaci kai ma ka ga na ƙare, shi ya sa ba ka ɓata idonka a kaina. Saurara, yaro. Tun kafin a haife ka nake busa wannan wurin, kuma har yau in ya kusa zuwa bakina bushewa yake yi. Ƙaho mayaudari ne, leɓena kuma ba na da ba ne. A cikin shirun nan kowa ni yake jira. In na ɗaga kai na ga idonka muka ja numfashi tare, mu biyu ne. In na ɗaga kai na ga tsakiyar kanka, ni kaɗai ne."

Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji kunyar zargin da na yi masa. Na ce, "To, Domnu Iliye, ka yafe mini."

"Me ka yi?"

"Abin da zan yi. Zan dube ka cikin ido, in nuna ka da hannun hagu a gaban mutane. Ba zan iya ba sai ka yafe mini tun yanzu."

Ya fara dariya, ya ga ba wasa nake ba, ya bari. Ya goge hannunsa a wando ya ɗora mini a ka.

"Na yafe," ya ce. "Na ranar jarrabawa na yafe, na bayanta ma duka na yafe. Tashi ka sa takalminka kafin mura ta kama ka." Ya cika mini aljihu da tumatir na tafi.

Da hantsi aka yi jarrabawar. Alƙalai suna zaune a baya da takardunsu, Madam Rodika a gefe ta harɗe hannu. Na ɗaga sanda, kiɗa ya tashi, masu goge suka tafi da ni yadda nake so. Ina jin wurin yana matsowa. Sauti ya riƙa raguwa, ya ragu, har ya ɗauke. Wuyana ya yi nauyi kamar na ɗauki damin hatsi, na ji kaina yana neman yin ƙasa yadda ya saba. Na ce bismillah a zuciyata na ɗaga shi da ƙarfi, na dubi tsohon.

Idanunsa ruwan toka ne, sun ɗan jiƙe, kuma tsoro ne a cikinsu ƙarara. Ban taɓa sanin tsofaffi suna jin tsoro ba, don ban taɓa dubawa ba. Na buɗe masa hannuna na hagu, na ja numfashi, na ga ƙirjinsa ya ɗaga tare da nawa. Muryar ƙahon ta fito sumul, doguwa, ba rawa ba gargada, ta cika ɗakin. Ban kawar da idona ba har ya kai ƙarshe ya sauke ƙahon, ya ɗan gyaɗa mini kai. Sauran kiɗan ban san yadda na ƙarasa shi ba.

Ni aka ɗauka. Domnu Iliye ma ya ci gaba da zama a kujerarsa har ya tashi don kansa. Tanti Marika ta dafa tuwon masara a tukunyar mai jan zare ta kira maƙwabta. Na kira Idi na ce an ba ni aiki, ya ce, "Na gwada ma mutane abin da sunka iya?" Na ce shi fa. Ya ce zai gaya wa Baba.

Daga nan rayuwata ta koma jirgin ƙasa da ɗakunan otal. Aikin mayestiro ba na zama ba ne, yau wannan gari, wata mai zuwa wata ƙasa, kowane wuri sababbin fuskoki da ke jira su ga ko ka san abin da kake yi. Jakata ban taɓa kwashe ta duka ba. Duban tsofaffi cikin ido ya zama abincina, na daina jin komai, har ya kai in mai furfura ya yi kuskure kallo ɗaya nake masa ya gyara. Kullum ina cewa baɗi zan je gida, baɗi ta zo da wani aikin.

Sai wata shekara bayan an gama girbi na samu sarari. Na sauka Yamai na hau mota, muka wuce Baleyara, muka wuce Bonkuku, ina ta matsawa a kujera kamar in sauka in tura motar. Rumbuna cike, karan hatsi a tare a gonaki, komai yana nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙara ƙanƙanta. Bayan la'asar muka shiga Filinge. Idi ya tarye ni a tasha, shi ma furfura ta fara fito masa a gemu.

Baba yana zaune a rumfar ƙofar gida a kan tabarma, da abokansa tsofaffi uku ko huɗu, sun dawo daga masallaci. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a inda ya kamata ɗa ya durƙusa, ban manta komai ba.

"Baba, ina wuni? Mun iske ku lahiya?"

"Lahiya lau. Kun zo lahiya? Ina gajiya? Ina mutanen can?"

Ina amsawa ina jin wani daɗi da ban san daga inda yake zuwa ba. Na ga ashe idon Baba ba baƙi ba ne sosai, ja-ja ne, da wani farin zobe a gefe. Na ga fatar idonsa na hagu ta ɗan sauko. Na ga wani tsohon tabo a ƙarƙashin girarsa wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Na ga ashe hancina nasa ne. Ina ta kallo, ina murmushi, har sai da na lura gaisuwar ta tsaya kuma ba mai magana a rumfar. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi gyaran murya ya kau da kai wajen titi.

Idi ya matso ya taɓa ni da gwiwa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Haruna, sadda kanka!"

A nan na gane abin da nake yi. Na so in sunkuya, amma na makara. Baba ne ya riga ni. A gaban abokansa ya sauke idonsa daga nawa ya mai da shi kan tabarma, yana jan carbinsa a hankali. Tsawon rayuwata ban taɓa ganin tsakiyar hularsa ba sai ranar. Zuciyata ta karye, na buɗe baki in ce ya yafe mini, maganar ta ƙi fitowa.

Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Da ladabi ya yi maganar, kansa a ƙasa.

"Idi, a kawo ma baƙo ruwa."

Aka kawo ruwan a sabon kwanon sha mai murfi, wanda Inna ba ta fitarwa sai an yi baƙi daga nesa. Na karɓa da hannu biyu na kai bakina. Ruwan randar gidanmu ne, mai sanyi, na kasa haɗiye shi.